Takardun tallafin karatu a jami'o'in Amurka: ina kyauta ta tsaya, ina bashi ya fara?

Baban Amira (Bronx):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina roƙon masu sani su duba mana wani lamari kafin ranar 1 ga watan Mayu, wadda ita ce ranar da yawancin jami'o'in ƙasar nan suke son ɗalibi ya ba da amsa tare da biyan kuɗin kama gurbi. Jami'o'i biyu sun ɗauki 'yata, ɗaya mai zaman kanta, ɗaya ta jiha, kuma kowace ta aiko da takardar tallafin da za ta ba ta. Mai zaman kanta ta jera layuka shida: dala 24,000 daga asusun makarantar, dala 7,395 na Pell, wato tallafin gwamnatin tarayya ga ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, sai wasu layuka biyu da aka taƙaita sunayensu da 'yan haruffa, ɗaya 3,500 ɗaya 2,000, sai 2,500 na aiki a cikin makaranta, sai kuma 14,605 da aka rubuta PLUS kawai a gabansa. An haɗa jimla 54,000, an ce kuɗin karatu da ɗaki da abinci ma 54,000 ne, saboda haka abin da ya rage a kanmu sifili ne. Ta jiha kuwa ta ce shekara za ta ci 28,000, kyauta 14,395, saura 13,605 mu nemo. Yarinya da mahaifiyarta sun ƙallafa rai a kan ta farko tunda kyauta ce, ni kuwa hankalina bai kwanta da wannan sifilin ba.

Malama Rabi (Columbus):
Wa alaikumus salam. Baban Amira, hankalinka ya yi daidai da bai kwanta ba. Aikina ke nan a makarantar sakandare, ina zama da ɗalibai da iyayensu muna karanta irin waɗannan takardu, kuma wadda ka kawo tana cikin irin da suka fi ɓatar da mutane. A cikin layuka shidan nan, biyu ne kaɗai kyauta, wato 24,000 na makaranta da 7,395 na Pell, jimlarsu 31,395. Layukan 3,500 da 2,000 bashi ne na gwamnatin tarayya da sunan yarinyar, kuma idan ka haɗa su za ka ga 5,500, wanda shi ne iyakar abin da ɗalibin shekarar farko da ke ƙarƙashin iyayensa zai iya ranta daga gwamnati. Na 3,500 gwamnati ce take ɗauke da ruwansa muddin tana makaranta, na 2,000 kuwa ruwansa yana fara hawa tun ranar da aka tura kuɗin. Shi PLUS bashi ne da sunanka kai mahaifi, ba da sunanta ba, kuma sai an duba tarihin bashinka kafin a amince, don haka ba abu ne da makaranta take da ikon yi maka alkawarinsa ba.

Sai maganar 2,500 na aiki. Wannan ba kuɗi ne da za a cire daga lissafin makaranta ba. Izini ne kawai na cewa idan ta nemi aiki a ɗakin karatu ko ɗakin cin abinci ta samu, za a riƙa biyan ta lada gwargwadon awoyin da ta yi, har ya kai wannan adadi. A watan Agusta, lokacin da takardar biyan kuɗin zangon farko za ta iso, ko sisi na wannan kuɗi bai shigo hannunta ba.

Abu na ƙarshe shi ne 54,000 ɗin kansa bai cika ba. Ka shiga shafin makarantar ka nemi cikakken kiyasin kuɗin shekara, wanda doka ta sa kowace makaranta mai karɓar tallafin tarayya ta lissafa, wanda ya haɗa da littattafai da sufuri da buƙatun yau da kullum. Ka kawo mana adadin.

Baban Amira (Bronx):
Na duba, Malama. Sun rubuta 58,000 ga ɗalibin da yake kwana a makaranta.

Malama Rabi (Columbus):
To, ka cire kyauta 31,395 daga 58,000, za ka samu 26,605. Wannan shi ne ainihin abin da shekara ɗaya za ta ci muku, ko daga aljihu, ko daga gumin yarinya, ko ta hanyar bashi. Ita kuwa ta jiha 13,605 ce. Makarantar da ta ce muku sifili ta fi ɗayar tsada da dala 13,000 a kowace shekara, kuma a shekara huɗu bambancin ya kai 52,000 ko da kuɗin makaranta bai ƙaru ba, alhali kusan kullum yana ƙaruwa. Ban ce kada ta je can ba, domin akwai dalilan da za su sa iyali su zaɓi makaranta mai tsada, amma su zaɓe ta suna sane da kuɗinta.

Alhaji Ɗanlami (Houston):
Abin da ya kamata jama'a su gane shi ne wannan ba kuskuren makaranta ɗaya ba ne, al'ada ce da ta zama ruwan dare, kuma an yi bincike a kanta ba sau ɗaya ba. A shekarar 2018 cibiyar New America tare da ƙungiyar uAspire sun nazarci takardun tallafi na makarantu 515. A cikin makarantu 455 da suka saka bashin tarayya mai hawan ruwa tun daga farko, sun tarar da sunaye 136 daban-daban da ake kiran wannan bashi guda ɗaya da su, kuma 24 daga cikin sunayen ko kalmar bashi ba su ɗauke da ita. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na takardun ba su faɗi kuɗin makarantar ba sam, kashi 70 cikin 100 sun cakuɗa kyauta da bashi da aiki a jeri ɗaya, kusan kashi 15 cikin 100 kuma sun saka PLUS a matsayin wani abu da aka ba ɗalibi. Waɗanda suka yi ƙoƙarin lissafa abin da ya rage a kan iyali kashi 40 cikin 100 ne kawai, su ma ta hanyoyi 23 daban-daban suka yi lissafin.

Bayan shekara huɗu, a ƙarshen 2022, ofishin GAO mai bincika wa majalisar tarayya ayyukan gwamnati ya sake dubawa, ya kiyasta cewa kashi 91 cikin 100 na makarantu ko dai ba sa faɗin ainihin kuɗin da zai rage a kan ɗalibi, ko kuma suna faɗin ƙasa da gaskiyarsa: kashi 41 ba sa faɗi, kashi 50 suna ragewa. A cikin makarantun da suka duba babu ko ɗaya da ta cika dukan ƙa'idoji goma da aka auna su da su. Ni akanta ne, kuma ra'ayina a fili yake: muddin kowane ɗan kasuwa da nasa mudu yake awo, mai saye ba zai taɓa sanin wanda ya fi araha ba, komai wayonsa. Maganin abin shi ne doka ta tilasta fom ɗaya, mai layuka iri ɗaya da lissafi iri ɗaya, a kan kowace makarantar da take karɓar kuɗin tarayya.

Dakta Bashir (Minneapolis):
Alhaji, ban musa alkaluman da ka kawo ba, kuma takardar da aka aiko wa Baban Amira ba ta da abin karewa. Amma tunda a ofishin tallafin ɗalibai nake aiki, bari in faɗi abin da ake gani daga ciki, domin jama'a suna ɗauka cewa wasu mutane ne suke zama a ɗaki suna ƙulla yadda za su yaudari talaka, alhali mafi yawan abin da na gani gado ne da sakaci. Manhajar da ake buga takardun da ita tsohuwa ce, tana da iyakar haruffan da layi zai ɗauka, shi ya sa ake gutsure sunan bashi har ya koma wasu haruffa marasa ma'ana, kuma ma'aikatan da suka saba da su ba sa lura cewa baƙo ba zai gane ba.

Damuwata da fom ɗaya ita ce makarantun ba iri ɗaya ba ne. Akwai kwalejin al'umma ta shekara biyu wadda yawancin ɗalibanta manya ne masu aiki, suna ɗaukar darasi biyu a zango suna kwana a gidajensu. Akwai makarantun koyon sana'a da suke lissafi da awoyi. Akwai masu zango biyu a shekara da masu zango uku. Fom ɗin da aka tsara domin yarinya 'yar shekara 18 mai kwana a ɗakin makaranta zai iya ruɗa uwa mai 'ya'ya uku da take karatun jinya da dare. Na biyu, kuɗin sufuri da na buƙatun yau da kullum kiyasi ne, ba takardar biya ba ce. Na sha ganin ɗalibin kwalejin al'umma wanda Pell ya rufe masa kuɗin karatu gaba ɗaya har da ragowa, amma da ya ga an rubuta cewa shekara za ta ci dubbai masu yawa saboda an saka haya da abincin da dama can yana biya ko ba ya karatu, sai ya tsorata ya fasa. Wannan ma asara ce, kuma ba ta shiga rahoton kowa.

Na uku, mu tuna abin da ya faru da FAFSA, fom ɗin da ɗalibai suke cikewa domin neman tallafin gwamnatin tarayya. Majalisa ta zartar da dokar sauƙaƙa shi a Disamban 2020, amma da lokacin aiwatarwa ya zo, fom ɗin da aka saba buɗewa ranar 1 ga Oktoba bai buɗe ba sai ƙarshen Disamban 2023, bayanan ɗalibai ba su fara isowa makarantu ba sai a watan Maris na 2024, kuma da suka iso an tarar da kurakurai a cikin da yawa daga cikinsu. A shekarar 2024 ɗin makarantu da dama sai da suka ɗaga ranar 1 ga Mayu. Wanda ya rayu a cikin wannan hargitsi dole ya yi jinkiri kafin ya ce a miƙa wa Ma'aikatar Ilimi, wadda ta aiwatar da shi, wani sabon aiki.

Alhaji Ɗanlami (Houston):
Dakta, Allah ya ƙara sani, amma ka haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. FAFSA babbar manhaja ce da take karɓar bayanan miliyoyin mutane tana jawo bayanan haraji daga hukumar haraji, shi kuwa abin da muke magana a kai shafi ɗaya ne na takarda. Ƙasar nan ta saba da irin wannan tilas a wasu fannoni. Tun 1958 doka ta sa a liƙa takardar farashi a gilashin kowace sabuwar mota, tun 1988 aka tilasta wa masu katin bashi su nuna ruwa da caji a cikin jadawali iri ɗaya, kuma tun Oktoban 2015 duk wanda ya nemi bashin sayen gida ana ba shi fom mai shafi uku wanda yake iri ɗaya a kowane banki. Bankuna ma sun ce harkarsu tana da sarƙaƙiya, kuma ba su rushe ba. Game da batun sakaci kuwa, zan fi yarda da shi da a ce kuskuren yana faɗawa ta kowane ɓangare, amma abin mamaki kullum sai ya faɗa ta ɓangaren da makaranta za ta fito da araha.

Hajiya Maman Sadiƙ (Greensboro):
Ina so in shigo da wani ɓangare da ba a taɓo ba, wanda a gare mu ya fi lissafin dala nauyi, wato maganar riba. Mun zo ƙasar nan daga Nijar, mun yi shekaru muna haya saboda gudun bashin gida mai ruwa, mota ma sai da muka tara kuɗi muka sayi tsohuwa. Da babban ɗana ya samu makaranta, takardarsu irin ta Baban Amira ce, komai a jeri ɗaya da taya murna a sama, muka yi ta godiya ga Allah, 'yan uwa suka zo barka. Muka biya kuɗin kama gurbi, ya rubuta wa sauran makarantu cewa ba zai zo ba. Sai a watan Yuli aka aiko cewa in shiga shafin gwamnati in sa hannu a kan takardar alkawarin biya, a nan ne na ga ruwa da cajin da za a cire. Abin da muka guje wa shekara da shekaru ya shigo gidanmu ta hanyar da ba mu zata ba, kuma har yau ina biya. Ban zo yin fatawa ba, wannan na malamai ne, kuma na san sun yi magana a kan lalura. Amma kafin mutum ya je wurin malami ya yi tambaya, ai sai ya san cewa bashi ne a gabansa.

Dakta Bashir (Minneapolis):
Hajiya, Allah ya yaye miki wannan nauyi. Abin da zan ce kawai shi ne babu wanda ake ɗora wa bashin tarayya ba tare da ya sa hannu a kan takardar alkawarin biya ba, kuma ɗalibin da zai karɓa a karon farko sai ya bi ta wani darasin wayar da kai kafin a saki kuɗin. Wato akwai matakin da ake faɗin gaskiya ƙarara.

Hajiya Maman Sadiƙ (Greensboro):
Haka ne, Dakta, an faɗa mini gaskiya, amma a watan Yuli aka faɗa, ni kuwa a watan Afrilu na yanke shawara. Lokacin da gaskiyar ta iso, bakin alƙalami ya riga ya bushe: gurbin sauran makarantu ya tafi, yaro ya san ɗakinsa da abokin zamansa, saura mako shida a fara karatu. Wace uwa ce za ta ce a fasa a wannan lokaci?

Malama Rabi (Columbus):
Wannan magana ta Hajiya ita ce zuciyar lamarin a ganina. Takardar tallafi ita ce kaɗai abin da yake hannun iyali a makonnin da suke zaɓi, don haka duk bayanin da ya zo bayanta ya makara. Kuma PLUS ba ƙaramin abu ba ne. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 ruwansa kashi 9.08 cikin 100 ne, alhali na ɗalibai 6.53 ne, kuma ana cire fiye da kashi 4 cikin 100 a matsayin caji tun kafin kuɗin ya isa makaranta, wanda a kan 14,605 na Baban Amira ya haura dala 600. Ba a iya mayar da shi kan sunan yaro a tsarin gwamnati, kuma ko mutum ya karye ya je kotu, da wuya ƙwarai a yafe bashin karatu. Shekaru da yawa iyaye suna iya rantar duk abin da ya rage na kuɗin makaranta ba tare da an duba ko albashinsu zai iya biya ba, shi ya sa ya zama abin toshe kowane giɓi a takarda. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta sa masa iyaka ga sababbin masu karɓa daga Yulin 2026, dala 20,000 a shekara da 65,000 gaba ɗaya a kan kowane ɗalibi. Wannan zai rage wa wasu iyaye zurfin rami, amma zai iya sa iyali su kai shekara ta huɗu su tarar an rufe ƙofa, kuma takardar shekarar farko ba za ta gaya musu haka ba.

Malam Nura (Kano):
Ina biye da ku daga gida, kuma ina so ku sani cewa ruɗanin nan yana tsallako teku. Ina taimaka wa ɗalibai masu neman karatu a waje, kuma su ba su da Pell, ba su da bashin tarayya, abin da makaranta ta ba su daga asusunta shi ke nan. Duk da haka takardun suna ruɗa su ta wata hanyar. Yaro zai zo da murna ya ce an ba shi cikakken tallafi, sai mu karanta mu ga kuɗin karatu kaɗai aka ɗauke, ɗaki da abinci da inshorar lafiya, wadda yawancin makarantu suke wajabta wa baƙin ɗalibai, duk suna kansa. Ba ya ganin ainihin adadin sai an zo cike fom ɗin I-20, wanda makaranta take bayarwa domin neman bizar karatu, inda ake neman ya nuna shaidar banki ta kuɗin shekara guda. Ko wanda aka ɗauke wa ɗaki da abinci ma, ba a cika gaya masa cewa wannan ɓangaren na tallafin ana cire masa haraji ba, yawanci kashi 14 cikin 100, ko cewa bizarsa ba ta yarda ya yi aiki fiye da awa 20 a mako a lokacin karatu ba, ko cewa a wasu makarantu ana rufe ɗakunan kwana a hutun hunturu. Ga dala 350 na rajistar baƙin ɗalibai ta gwamnati (SEVIS) da 185 na biza da kuɗin jirgi. Bayan faɗuwar naira daga 2023, lokacin da dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin ƙasa da shekara guda, giɓin dala 4,000 da Ba'amurke zai ɗauka ƙarami ya zama miliyoyin da za su sa uba ya sayar da fili. Tambayata ita ce, idan an yi dokar fom ɗaya, za ta shafi irin waɗannan yara?

Dakta Bashir (Minneapolis):
Malam Nura, ikon gwamnatin tarayya a kan makarantu a wannan fanni yana bin kuɗin da take bayarwa ne, kuma baƙon ɗalibi ba ya cikin masu karɓarsa, don haka kada ka jira doka. Sai dai a aikace, idan ofis ya gyara manhajarsa domin 'yan ƙasa, da wuya ya ci gaba da riƙe wata daban domin baƙi. Kafin nan, ka sa kowane yaro ya rubuta wa makaranta ya nemi adadin da za a rubuta a I-20 ɗinsa tun kafin ya karɓi gurbi, domin wannan adadin ba a yi masa kwalliya.

Komawa ga Alhaji, ba daidai ba ne a ce makarantu sun naɗe hannu. A Satumban 2023 makarantu fiye da 360 suka sanar da cewa sun amince da wasu ƙa'idoji na bai ɗaya a ƙarƙashin wani shiri da Peter McPherson ya jagoranta, wanda ƙungiyar jami'an tallafin ɗalibai ta NASFAA take kula da shi. Ƙa'idojin sun ce a nuna cikakken kuɗin shekara, a raba kyauta da bashi da aiki, a kira kowane bashi da sunansa, a kuma lissafa ragowar ta hanyar cire kyauta kaɗai. Wasu makarantu sun ci gaba da shiga bayan nan. Ni na fi son wannan hanya, a daidaita ma'anar kalmomi da hanyar lissafi, a bar wa kowace makaranta tsarin shafinta.

Alhaji Ɗanlami (Houston):
Dakta, hanyar ganin dama an gwada ta, kuma ba jiya aka fara ba. Dokar manyan makarantu ta 2008 ta umarci Ma'aikatar Ilimi ta fito da samfurin takarda, a 2012 ma'aikatar tare da hukumar kare masu mu'amala da bankuna suka fito da fom ɗin da yanzu ake kira College Financing Plan, aka ce wanda ya ga dama ya yi amfani da shi. A 2019 ma'aikatar ta fitar da shawarwari, ta sabunta su a 2021, sai ga rahoton GAO a 2022 da kashi 91 ɗinsa. Makarantu masu ba da digiri a ƙasar nan sun kusa 4,000, kuma waɗanda suke rige-rigen shiga shirin ganin dama su ne dama masu tsabtar takarda. Wadda take cika gurabenta da sifilin ƙarya ba ta da dalilin shiga, domin duk ranar da ta faɗi gaskiya ita kaɗai, maƙwabciyarta da ba ta faɗa ba za ta kwashe ɗaliban. Wannan ne ya sa ko makarantar kirki tana buƙatar dokar, domin ta kare ta daga wadda ba ta kirki ba. Ƙudirin tilasta fom ɗaya da Sanata Al Franken ya fara gabatarwa a 2012, wanda daga baya Chuck Grassley da Tina Smith suka riƙa sake kawowa, yana da magoya baya a jam'iyyun biyu, amma ya yi shekaru yana shiga majalisa yana fita.

Malama Rabi (Columbus):
Ina tare da Alhaji a kan tilas, amma ina da ƙorafi a kan ɓangarorin biyu, domin dukansu suna magana ne a kan shekara ɗaya, alhali digiri shekara huɗu ne, ga da yawa ma biyar. Ko takarda ta yi tsabta yadda ake so, ba ta amsa tambayoyin da suke kayar da ɗalibaina a shekara ta biyu ba. Shin 24,000 ɗin nan za a sabunta shi kowace shekara, kuma da wane sharaɗi? Akwai tallafin da yake buƙatar ɗalibi ya riƙe matsakaicin maki 3.0 cikin 4.0 ko sama, kuma yaron da ya shiga injiniyanci ya yi tuntuɓe a lissafin shekarar farko zai iya rasa shi cikin zango biyu. Shin idan kuɗin makaranta ya ƙaru, tallafin zai bi shi ko zai tsaya inda yake? Sannan akwai abin da ya fi ba ni haushi: yarinya ta yi ta rubuce-rubuce ta ci tallafin dala 2,000 daga wata ƙungiya ta gari ko masallaci, ta kai wa makaranta, sai makaranta ta rage 2,000 daga nata tallafin, wahalar yarinya ta koma asusun jami'a. Jihar Maryland ta taƙaita wannan ɗabi'a a makarantun gwamnati tun 2017, wasu jihohi ƙalilan sun bi sahu, amma a mafi yawan wurare halal ce a doka, kuma ba za ka gan ta a takardar tallafi ba. Duk mai takarda a hannu ya rubuta waɗannan tambayoyi uku ga ofishin tallafi ta imel, domin amsar ta zo a rubuce. Idan kuma halin gida ya canza bayan shekarar harajin da aka yi lissafi da ita, kamar rasa aiki ko rashin lafiya, doka ta ba jami'in tallafi ikon sake duba lissafin, amma sai an nema.

Dakta Bashir (Minneapolis):
Sharuɗɗan sabuntawa kam ya kamata su fito a takarda, ban da ja a kan haka. Amma kiyasin shekara huɗu abu ne mai haɗari. Jami'ar jiha ba ta sanin kuɗin karatun baɗi sai majalisar jiha ta gama kasafi, adadin Pell majalisar tarayya ce take yanke shi kowace shekara, kuma samun iyali yana hawa yana sauka. Idan muka buga adadi na shekara huɗu, iyaye za su riƙe shi a matsayin alkawari, ranar da ya sauya kuma mu ne maƙaryata.

Alhaji Ɗanlami (Houston):
Amma Dakta, ofishinku yana yin wannan kiyasin yanzu haka. Dokar Isakson da Roe, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2021, ta wajabta wa makarantun da suke karɓar kuɗin karatun tsofaffin sojoji su ba kowane irin wannan ɗalibi fom na kansa kafin ya yi rajista, wanda yake nuna kiyasin kuɗin karatun gaba ɗaya, da kuɗin zaman rayuwa, da abin da tallafinsa zai rufe, har da kiyasin bashin da zai fita da shi ranar da ya kammala. Makarantu sun yi gunaguni a kan wahalar aikin, sannan suka yi, domin wadda ba ta yi ba tana iya rasa izinin karɓar waɗannan ɗalibai. Kwalejojin al'umma suna yi, masu zango uku suna yi, makarantun sana'a suna yi, kuma kowa ya fahimci cewa kiyasi ne tunda an rubuta haka a jikinsa. Idan ɗan tsohon soja da ɗan direban tasi suka zauna a aji ɗaya, an ba na farko wannan lissafi tun kafin ya sa ƙafa a makarantar, ina so ka gaya mini abin da ya hana a danna maɓalli ɗaya a buga wa na biyu.